Ranar da Bakur Ya Miƙa wa Timsah Hannu

Ban taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da na yi alƙalancin wasan mutum bibbiyu na farko a nadinmu, wato kulob ɗin wasanninmu na unguwar Ruwais, ba. Tun da kun zaunar da ni kuna tambaya wane wasa ne ya fi tsaya mini a rai, to shi ne, kuma zan ba ku shi yadda ya faru a gaban idona.

A shekarun casa'in ne na hijira, wato shekarun saba'in a lissafin Turawa. Talabijin bai daɗe da shiga gidajen mutane a Jidda ba, kuma babu abin da ya kama gari kamar kokawar Turawa, wadda muke kira musara'a. Ranar da za a nuna ta, gidajen shayi cika suke yi har bakin titi. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, wadda ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, takan zauna gaban akwatin maƙwabtanmu a unguwar Hindawiyya tana ɗaga hannu tana cewa, "Tashi, ɗan nan, zai murɗe maka wuya!"

Shugaban nadinmu, wanda muke kira mudir, wani mutumin Sham ne mai suna Abu Jamil. Ya yi kokawa a Bairut da ƙuruciyarsa, kunnuwansa duk sun murɗe. Da ya ga yadda mutane suka haukace a kan abin, sai ya kafa halba a tsakiyar filin nadi, wato dandamalin nan mai kusurwa huɗu da igiyoyi. Ni a matsayin mai kula da kaya aka ɗauke ni, ina ɗaure igiya ina shimfiɗa tamfol. Daga baya ya lura ina da saurin ƙafa, ina jin Larabci da Hausa da ɗan guntun Turancin da na tsinta a bakin teku, sai ya sa mini farar riga ya ce na zama hakam, wato alƙalin wasa.

Bari in bayyana aikin, domin na yanzu ya ɗan bambanta. A irin wannan kokawa ana shirya wanda zai ci tun kafin a hau halba. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne a tsakaninmu, ko da yake a lokacin da za ka faɗa wa ɗan kallo haka, da sai ya mare ka. Amma faɗuwar ta gaske ce, katakon da ke ƙarƙashin tamfol na gaske ne, kuma in mutum ya ɗaga ka sama, wuyanka yana hannunsa. Aikin hakam a idon jama'a shi ne ƙirga uku in an danne kafaɗun mutum biyu a ƙasa. Aikinsa na ciki kuwa, shi ne ɗan saƙo: ya sunkuya kamar yana duba riƙo, ya gaya wa wannan lokaci ya kusa, ya gaya wa wancan ya sassauta. Kuma shi ne zai fara gane in ciwon da ake nunawa ya daina zama na wasa.

Manyan 'yan kokawarmu biyu ne, kuma duk Hausawa. Na farko Bakur, haifaffen Hindawiyya kamar ni, tare muka yi makarantar allo. Dako yake yi a tashar jiragen ruwa, yana saɓa buhun shinkafa kamar matashin kai. Mutum ne mai fara'a da zafin zuciya, in ya yi dariya sai an ji a layi na gaba. Na biyu Adamu, Bahaushen Sudan, wanda jama'a suka sa wa suna Timsah, wato kada, saboda in ya riƙe ka ba ya saki. Yana gasa burodin tamis a wani gidan burodi a unguwar Sa'alaba, mai gidan ne kafilinsa, wato mai tsaya masa a wajen hukuma, shi ke riƙe da iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana.

Da farko gabarsu ta wasa ce, mudir ne ya ƙirƙire ta. Mutanen Hindawiyya suna bayan Bakur, mutanen Sa'alaba da 'yan Sudan suna bayan Timsah, ana ta cacar baki a kasuwa, su kuwa biyun in an gama sai su zauna su ci ful, dafaffen waken nan, a kwano ɗaya. Har wata rana ta zafi, irin ranakun nan da iskar teku ke tsayawa jiki yana tsatsafo da gumi, Adamu ya ɗaga Bakur sama, hannunsa ya zame, Bakur ya sauko a kan kafaɗa. Ƙashin kafaɗarsa ya karye. Ya yi watanni ba ya zuwa aiki, ga mata ga 'ya'ya. Adamu ya je asibiti duba shi, Bakur ya juya fuska bango. Wasu 'yan unguwa sun riga sun zuga shi cewa da gangan aka yi. Daga ranar ko a Idi suka haɗu ba sa musabaha. Mudir ya raba musu ranakun atisaye, ya daina haɗa su a wasa, domin mutumin da bai yarda da kai ba, ba zai ba ka jikinsa ka ɗaga ba.

Haka muke har mudir ya kira ni ofis wata safiya, fuskarsa tana ƙyalli.

"Ya Sale," ya ce, "na samo Turawa biyu. Na gaske, irin na talabijin. Suna kan hanyarsu daga Kuwait zuwa Bairut, sun yarda su tsaya mana wasa ɗaya. Mutum bibbiyu nake so."

Wasan mutum bibbiyu ga yadda yake. Kowane ɓangare mutum biyu ne, amma ɗaya ne kawai zai kasance cikin halba. Ɗayan yana tsaye a kusurwarsu ta wajen igiya, ba shi da ikon shiga sai abokinsa ya zo ya taɓa shi. Duk daɗin wasan yana nan: a tsare mutum nesa da kusurwarsa, a yi ta jibgarsa, abokinsa yana miƙo hannu ba ya kai, jama'a suna kamar su mutu, har a ƙarshe hannu ya haɗu.

Na ce, "Ya mudir, su wa za su tsaya musu?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Wa muke da shi mai girman da zai tsaya kusa da su ba a yi mana dariya ba? Bakur da Timsah. Mutanenka ne. Je ka shawo kansu."

Na fara da Adamu, don na san shi ne mai sauƙi. Na same shi a bakin tanda, rigarsa duk gari. Ya saurare ni har na gama, ya manna wani burodi a jikin tanda, sannan ya ce, "Ni ba ni da sharaɗi, Sale. In ya yarda, na yarda. Amma ba zai yarda ba."

Bakur kuwa na same shi a gidan shayin unguwarmu bayan la'asar, ya miƙe ƙafa a kan dogon benci. Ina ambaton sunan Timsah ya ajiye kofin.

"Halas, ya isa haka, ya Sale. Kada ka ɓata mana zumunci."

"To shi ke nan," na ce. "Mudir zai haɗa Timsah da Bamisiren nan na nadi mai ɗaga ƙarfe. Za a manna hotonsu a Bab Makka. Sai dai ka shirya amsar da za ka ba yaran Hindawiyya in sun tambaye ka ina ka shiga ranar da Turawa suka zo."

Ya yi ta huci. Can ya ce, "Zan tsaya a kusurwa ɗaya da shi. Amma wallahi hannuna ba zai taɓa hannunsa ba."

"Doka ba ta ce lallai hannu ba. Ko bayansa ka daka ya wadatar."

"To baya. Kuma kada ya yi mini magana."

Da na kai wa Adamu wannan, murmushi kawai ya yi, ya ce ko da ƙafa za a taɓa shi ya karɓa.

Turawan suka iso ana gobe wasa. Sunayensu sun fi ƙarfin bakin jama'a, don haka tun a filin jirgi aka yi musu sababbi. Babban, Bagirke ne mai jan gemu, ya haura arba'in, ya zaga duniya, yana jin Larabci kaɗan-kaɗan. Shi ne Jan Gemu. Ƙaramin saurayi ne, gashi har a kafaɗa, faɗinsa ya cika ƙofar ofis. Aka ce masa Dubbu, da sunan dabbar nan mai gashi ta ƙasashen sanyi. Jan Gemu ya tara mu a ɗakin sauya kaya ya tsara wasan da hannu da ƙafa, ni ina fassarawa. Adamu zai fara, a tsare shi a yi ta dukansa. Sai ya kuɓuta ya kai kusurwa, Bakur ya shigo ya share fili, ya ɗauki Jan Gemu a kafaɗa ya kayar, in ƙirga uku.

"Garinku ne," in ji Jan Gemu. "Mu jibi mun tafi. Ku ne za ku zauna da mutanen nan, don haka ku za ku ci."

Dubbu ya yi wata magana da harshensu yana nuna Adamu da haɓa. Jan Gemu ya daka masa tsawa. Ban ji kalmomin ba, amma na gane bai ji daɗin a ce mai burodi da ɗan dako sun kayar da su ba. Na ajiye wannan a raina.

Ranar Alhamis tun azahar mutane suka fara layi. Ban taɓa ganin nadin ya cika haka ba. Benci ya ƙare, aka hau katanga, aka hau rufin gidajen da ke kewaye. 'Yan Hindawiyya suka kame gabas da gangunansu, 'yan Sa'alaba suka kame yamma, kowane ɓangare yana kiran sunan gwaninsa kamar da juna za su kara. Kafin a fara, hafsan 'yan sandan da aka turo, mai muƙamin mulazim, ya kira ni da mudir gefe.

"Abu biyu," ya ce. "Kafin kiran magariba an gama, ko an ci ko ba a ci ba. Na biyu, baƙin nan amanarmu ce. In mutum ɗaya ya tsallaka igiyar nan, ko aka taɓa lafiyar ɗayansu, na rufe wurin, kuma duk wanda ke ciki zai kwana a wajena. Mafhum?"

Muka ce mun fahimta. Adamu yana tsaye kusa, ya ji komai. Na san abin da yake tunani. Ni da Bakur 'yan ƙasa ne, in an kama mu dangi za su fito da mu. Shi kuwa in sunansa ya shiga wajen 'yan sanda a kan rigima da Bature, kafili zai janye hannu, sai jirgin Port Sudan da shi da iyalinsa.

Bayan ƙananan wasanni biyu aka buga ƙararrawar babban wasa. Turawan suka fito cikin riguna masu ƙyalƙyali, Jan Gemu yana murza gemu yana yi wa jama'a gwalo, Dubbu yana dukan ƙirji. Aka yi musu ihu har na ji katakon yana rawa a ƙarƙashin ƙafata. Namu suka fito, Bakur ta wannan hanya, Adamu ta waccan, suka haɗu a kusurwa ɗaya kowa yana kallon wani gefe daban.

Farkon wasan, wallahi, daɗi! Adamu da Jan Gemu suka kama juna, tsohon nan kamar ruwa yake. Adamu ya jefa shi ta kan kwankwaso, ya faɗi da ƙara kamar an saki ƙofar ƙarfe, ya tashi yana riƙe baya yana kai mini ƙara wai an ja masa gemu. Na tambayi jama'a da hannu, "An ja?" Filin gaba ɗaya ya amsa, "La!", wato a'a. Jan Gemu ya sake zuwa, aka sake jefa shi. Ya rarrafa ya ɓuya bayana, yara a kan katanga suna dariya har ɗaya ya kusa faɗowa. Na ce a raina, yau aiki zai yi kyau.

Sai Jan Gemu ya taɓa hannun Dubbu.

Duka na farko da ya kai wa Adamu a ƙirji, na ji bambanci. Dukan wasa yana da ƙara amma ba shi da nauyi. Wannan ba shi da ƙara sosai, sai wani sauti mai zurfi, na ga idon Adamu ya buɗe. Dubbu ya ja shi kusurwarsu, ya sa masa gwiwa a ciki, ya sake sawa. Na shiga tsakani ina ƙirga masa kamar yadda doka ta ce, na yi ƙasa da murya na ce masa da Turancina ya sassauta. Ko kallona bai yi ba. Ya ɗauki Adamu, ya ruga da shi, ya maka bayansa a jikin ƙarfen kusurwa, sannan ya faɗa masa da dukan nauyinsa.

Adamu ya zube. Na durƙusa kamar ina tambayarsa ko ya sallama.

"Haƙarƙarina, Sale," ya ce da Hausa, numfashi yana yanke masa. "Ya karye. Na ji shi."

"In tsayar?"

"Dubi mutane."

Na ɗaga kai. Dariya ta ƙare. 'Yan Sa'alaba sun miƙe tsaye, takalmi ya fara sauka a kan tamfol, wani ya jefo kwalbar lemo ta fashe a jikin ƙarfe. Mulazim ya tashi daga kujerarsa, 'yan sandansa sun riƙe kulake. In na buga ƙararrawa a lokacin, Bature yana tsaye a kan mutumin da ya karya, babu igiyar da za ta tare mutanen nan. In na bari aka ci gaba, ƙashin da ya karye zai iya huda masa huhu. Shi kuma Adamu, da ƙarfinsa da komai, ba shi da damar ramawa da gaske. Ga rana ta yi ja a kan teku.

Jan Gemu ya gane. Yana ta miƙo hannu yana yi wa yaronsa tsawa ya zo ya taɓa shi, Dubbu ya yi kamar bai ji ba. Ihun jama'a ya shiga kansa. Ya ja Adamu da ƙafa zuwa tsakiya, ya tsaya yana ɗaga hannuwa.

Akwai abin da hakam ke yi a irin wannan wasa: ya je kusurwar masu gida yana yi wa na waje faɗa kada ya shigo, don jama'a su ƙara fusata. Na ruga wurin Bakur ina kaɗa masa yatsa a fuska kamar ina gargaɗinsa. Yana tsaye ya harɗe hannuwa, a zatonsa duk cikin shiri ne.

"Ba wasa ba ne, Bakur," na ce. "Ya karya masa haƙarƙari. Da gaske yake dukansa."

"Ƙarya kake."

"Dubi bakinsa."

Ya duba. Adamu yana kwance a gefe ɗaya, ya dafe ƙirji, leɓensa ya yi fari, ba ya ihun nan da muke yi don 'yan kallo, numfashi kawai yake nema. Bakur ya san wannan shirun, shi ma ya taɓa yin sa a kan tamfol ɗin nan.

"Me ya hana shi ramawa? Timsah ne fa!"

"Iƙama," na ce.

Na ga fuskarsa ta sauya. Ya warware hannuwa. Ya kama igiyar kusurwa da hagu, ya taka ta ƙasa, ya zuro rabin jikinsa cikin halba, ya miƙa hannun dama iya tsawonsa. Sai ya buɗe muryar nan tasa ta tashar jirgi:

"Adamu! Yalla, Adamu! Taho, ɗan'uwa, kawo hannu!"

'Yan gabas suka dubi juna. Duk Hindawiyya ta san rantsuwar da ya yi. Sai wani tsoho a layin gaba ya ɗauka, "Yalla ya Timsah!" Ganga ta amsa. Kafin ka ce me, gabas da yamma sun zama murya ɗaya, "Tim-sah! Tim-sah!" Tun da nake ban taɓa jin 'yan Hindawiyya sun kira sunan nan da alheri ba.

Adamu ya fara jan ciki. Dubbu ya juyo ya kama ƙafarsa ɗaya yana dariya. Adamu ya juya a kan bayansa, ya dunƙule ɗaya ƙafar, ya tokare shi a ƙirji, turawa ce kawai ba duka ba, amma turawar mutumin da ke kwaɓa buhun gari kullum asuba. Dubbu ya yi baya-baya ya zauna daɓas. Adamu ya yunƙura a kan gwiwa, ya faɗi, ya sake yunƙurawa, ya jefa jikinsa gaba gaba ɗaya.

Tafi ya haɗu da tafi. Na ji ƙarar duk da ihun.

Jama'a! Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ghutura, ƙyallen kan nan na Larabawa, da huluna suka tashi sama kamar tantabaru. Bakur ya tsallake igiyar sama, bai ma bi ta tsakiya ba. Na san zafinsa, na ce yau zai fasa wa Baturen nan baki mu kwana a caji ofis. Na bi shi ina cewa, "Ban da naushi, Bakur! Don Allah ban da naushi!"

Bai yi naushi ba. Mahaifinsa ɗan kokawar gargajiya ne a ƙasar Kano kafin ya tako zuwa Hajji, kuma ya koya masa tun yana ƙarami. Dubbu ya taho da gudu, Bakur ya sunkuya ya shige ƙarƙashin hammatarsa, ya zagaya bayansa, ya sa masa ƙafa, sai ga ƙaton nan a ƙasa rub da ciki. Ya tashi a fusace, ya sake tahowa, aka sake shimfiɗa shi. A karo na uku Bakur ya hau bayansa, ya murɗe masa hannu zuwa tsakanin kafaɗu, ya tsaya daidai inda in ya ƙara kaɗan zai ɓalle. Dubbu ya daina motsi. Na durƙusa kusa da kunnensa na ce masa ya koma kusurwarsa yanzu, in yana son ya hau jirgi da hannu biyu. Wannan karon ya ji Turancina sarai.

Bakur ya tashe shi ya tura shi kusurwa. Jan Gemu bai jira a miƙo masa hannu ba, ya daka wa yaron duka a baya, ya faɗo ciki. Yana wucewa ta gabana ya ce da Larabcinsa, "Halas, halas, a gama."

Tsohon nan gwani ne, Allah ya sani. Cikin ɗan lokaci ya mayar da abin wasa. Bakur ya tunkuɗe shi, ya tashi sama ya faɗi. Ya durƙusa yana roƙo da hannu biyu, Bakur ya juya ya tambayi jama'a, suka ce kada a yafe. Ya jefa shi igiya, ya dawo, Bakur ya sunkuya ya saɓe shi a kafaɗa kamar buhu, ya juya da shi, ya juya, filin yana juyawa tare da su, sannan ya sauke shi a kan faɗin bayansa ya danne. Na faɗi ƙasa na daki tamfol.

"Wahid!" in ji filin gaba ɗaya, ana ƙirgawa tare da ni da Larabci.

Ta gefen ido na ga Dubbu ya tsallako igiya. Ba ya cikin shiri. Ya nufo bayan Bakur da takalmi a ɗage, Bakur kuwa kansa yana ƙasa bai gan shi ba.

"Itnen!"

Adamu, wanda na bari kwance a wajen igiya yana neman numfashi, ban san lokacin da ya mirgino ta ƙarƙashi ba. Ya rungume ƙafafun Dubbu biyu ya haɗa su da ƙirjinsa, da karyayyen haƙarƙarin nan, ya riƙe irin riƙon da ya sa aka ba shi sunansa. Dubbu ya tafi gaba ɗaya kamar an sare dabino.

"Talata!"

Aka buga ƙararrawa. Mutane suka taso, amma da murna, 'yan sanda suka jeru suka tare su ba tare da an daki kowa ba. Na waiwaya neman mulazim, na same shi tsaye a kan kujera, hularsa a hannu, yana ihu tare da kowa. Da muka haɗa ido ya sauko da sauri, ya mayar da hula, ya gyara fuska. Na kama hannun Bakur zan ɗaga, ya fizge, ya je ya durƙusa ya tallabo Adamu, ya tsayar da shi a hankali, sannan ya ba ni hannu. Na ɗaga nasu biyu tare. Ba mu sauko daga halba ba sai ga ladanin masallacin Ruwais ya ɗaga murya.

Bakur ne ya ɗauki Adamu zuwa motar mudir, yana tafe yana mita. "Kai, duk burodin Sa'alaba kai kake cinyewa? Buhu ya fi ka sauƙi."

"Kada ka ba ni dariya," in ji Adamu. "Da ciwo."

A asibiti aka ce haƙarƙari biyu ne suka tsage, amma huhu lafiya, aka naɗe shi aka ce ya huta. Washegari kafin su tafi filin jirgi, Jan Gemu ya taso ƙeyar Dubbu har bakin gadon Adamu ya sa shi ya ba da haƙuri. Yaron ya tsaya kansa a ƙasa kamar ɗan makaranta. Adamu ya ce ya yafe. Mudir dai ya ce ko kyauta aka ba shi Dubbu ba zai sake hawa halbarsa ba.

Saura matsalar aiki, domin mai gidan burodi ba zai rufe tanda yana jiran mutum ya warke ba. Sai ga Bakur ya fara zuwa Sa'alaba kullum bayan sallar asuba, ya sauke buhunan gari, ya kwaɓa, Adamu yana zaune a kan kujera yana ba shi umarni, sannan ya wuce tashar jirgi. Mutanen unguwar sun ci burodi mai siffa iri-iri a kwanakin nan, wani ƙonanne, wani ɗanye a tsakiya, ba wanda ya kai ƙara. Da Adamu ya warke, mudir bai sake haɗa su gaba da juna ba. A kusurwa ɗaya suka ci gaba da tsayawa har gwiwoyinsu suka gaji, suka kara da Misirawa da Turkawa da 'yan Pakistan. Har suka tsufa suna gardama a gidan shayi a kan wa ya ci wasan nan: Bakur ya ce shi ya danne, Adamu ya ce ba don shi ba da yanzu Bakur ba shi da ƙeya. In sun juyo gare ni, nakan ce ni uku kawai na ƙirga.

Abin da ranar ta koya mini game da sana'ar nan shi ne, 'yan kallo gaba suke zuwa gani, amma mu a ciki da amana muke aiki. Wanda ka tsaya gabansa da wanda ka tsaya bayansa, duk lafiyarka tana hannunsu, tasu tana hannunka. Dubbu ya fi kowa ƙarfi a filin nan, kuma shi kaɗai ne bai iya aikin ba. Shi ya sa har na bar aiki, in sabon saurayi ya zo nadi yana nuna mini damtse, ba damtsen nake kallo ba. Nakan sa shi ya ɗaga abokinsa sama, in koma gefe in ga yadda zai sauke shi.